Kada ka bari a yi wa motarka ƙiyasin zafin iska

Yau zancen mota zan yi, don abin ya ci min kuɗi.

Watannin baya wutar gargaɗin inji ta kama a motata. Na kai wa wani mai gyaran waya a nan Ibadan, ya jona kwamfutarsa, sai ga lamba P0113, wai zafin iskar da inji ke zuƙa digiri 40 ne ƙasa da sifiri. A Ibadan fa! Ma'anarta kawai na'urar auna zafin ta mutu, ko wayarta ta tsinke. Sai ya ce, "Alhaji, ba sai ka sayi sabuwa ba." Ya ɗauko wani ɗan rizisto ya cusa a soket ɗin, wuta ta mutu, har ya ƙara da cewa mota za ta fi ja. Na biya ina godiya.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Ita wannan na'ura, ƙarfin da take tare lantarki da shi raguwa yake yi idan iska ta yi zafi. Irin ta Bosch tana ba da kusan om 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Da haka ƙwaƙwalwar mota ke gane nauyin iskar, domin iska mai zafi ta fi sauƙi: duk ƙarin digiri 10 yana rage mata kusan kashi 3 cikin 100. Daga nan take daidaita lokacin da fulogi zai ba da wuta, a wasu motocin har da yawan man da za ta fesa. To shi bawan Allah ya ɗaure ta ne a kan digiri 20, dare da rana.

Wanda ba ya wuce Sabo zuwa Bodija wataƙila ba zai ji komai ba. Amma mu fa? Motarmu tana kwana a laimar Kudu, gobe tana Kano, inda asubar hunturu kan sauko ƙasa da digiri 15, ranar Afrilu kuma ta haura 40. Cikin gosulo, iskar ƙarƙashin bonet ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. Wace lamba ɗaya ce za ta dace da duk wannan?

Ni a Afrilu na tafi gida da iyali. Bayan Zariya, da azahar, in na taka sai inji ya riƙa ƙaras-ƙaras kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ƙwaƙwalwa na zaton sanyi ake yi, tana ba da wuta da wuri. Mai kuwa, tun da aka janye tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take da ciwo.

Ban ce mutumin macuci ba ne, sauƙi ya so ya yi min. Amma ni dai ra'ayina, gwaji ya fi. Da safe, kafin a tayar da motar da ta kwana, a jona kwamfuta: zafin iska da na ruwan lagireto su zo kusan ɗaya, daidai da na gari. In sun yi hannun riga, akwai magana.

Wani bakanike a Kano ne ya gano min. Waya ce kawai ɓera ya ci. Rizistan yana nan cikin aljihun mota, in wani na son gani mu haɗu bayan Juma'a.