Kafin Ka Sake Sayen Akwati a Wasan Waya, Yi Wannan Lissafin

Duk mai buga PUBG Mobile, Free Fire ko eFootball ya san yadda abin yake. Ka sayi UC ko daimon da kuɗinka, ka buɗe akwati ko ka juya, sannan ka zuba ido ka ga abin da zai fito. A gefen allon akwai wani ɗan rubutu da yawancinmu ba ma karantawa, wanda ke nuna damar samun kowane kaya, misali 1%. Ra'ayina shi ne wannan lambar gaskiya ce, amma yadda muke lissafa ta a kanmu ba daidai ba ne, kuma kamfanonin wasanni suna cin ribar kuskuren.

Kuskuren shi ne: "Idan damar kashi 1 cikin 100 ce, to in na buɗe sau 100 dole in samu." Wato mutum ya tara 1% sau ɗari ya samu 100%. Tarawa irin wannan tana aiki ne a yanayi ɗaya kaɗai: idan abubuwan da ake magana a kansu ba za su iya faruwa tare ba.

Ɗauki Ludo King a matsayin misali. Ɗan ludo yana da fuska shida, don haka damar samun 6 a jifa ɗaya ita ce 1 cikin 6. Damar samun 5 ko 6 kuwa 2 cikin 6 ce. An tara su ne saboda jifa ɗaya ba zai ba ka 5 da 6 a lokaci guda ba; fitowar ɗaya ta kore ɗaya. Haka akwatin wasa yake idan kaya ɗaya yake bayarwa. A ce damar riga 1% ce, ta bindiga 2%, to damar ka samu ɗaya daga cikinsu a buɗewa ɗaya 3% ce. Nan tarawa ta yi daidai.

Amma jifa shida a jere fa? Kowa ya taɓa jefa ɗan ludo sau shida bai ga 6 ba, alhali tarawa ta ce dole ya gani. Dalili kuwa, samun 6 a jifan farko bai hana samun 6 a na biyu ba. Suna iya faruwa tare, don haka ba a tara su. Abin da ake yi shi ne a lissafa damar rashi, a yi ta ninka ta. Damar rasa 6 a jifa ɗaya 5 cikin 6 ce. Ninka ta da kanta sau shida, za ka samu kusan 33%. Ke nan mutum ɗaya cikin uku zai yi jifa shida bai fito da ɗansa daga gida ba.

Yanzu mu koma akwati mai 1%. Damar rashi a kowace buɗewa 99% ce. Buɗe kalkuletar wayarka ka ninka 0.99 da kanta sau 100, amsar kusan 0.37 ce. Ma'ana, cikin mutum 100 da kowannensu ya biya kuɗin buɗewa ɗari, kimanin 37 za su tashi hannu rabbana. Sai ka buɗe sau 69 kafin damarka ta kai rabi, kuma sai wajen sau 300 kafin ta kai 95%. Ko a nan ma babu tabbas. Akwatin kuma ba ya tuna asarar da ka yi. Wanda ya buɗe sau 50 bai samu ba, damarsa a ta 51 tana nan a 1%, daidai da ta wanda ya fara yau. Maganar "saura ƙiris" a zuciyarka kawai take.

Wani zai ce ai kamfanonin ba su ɓoye komai ba. Haka ne, amma tilasta musu aka yi. China ta wajabta bayyana waɗannan lambobin a 2017, Apple ya sa dokar a App Store a ƙarshen shekarar, Google Play ya biyo baya a 2019. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ma ta ayyana irin akwatunan da ake saya da kuɗi a matsayin caca tun 2018. Sai dai nuna damar buɗewa ɗaya bai wadatar ba, tunda ba wanda ke tsayawa a ɗaya. Kamata ya yi kantunan manhajoji su tilasta a nuna damar samu bayan buɗewa 10, 50 da 100, a daidai wurin da ake danna saye.

Wasu wasannin suna ba da tabbaci. A Genshin Impact, damar samun mai tauraro biyar tana farawa daga 0.6%, amma an tabbatar maka da ɗaya kafin ka wuce juyi 90. Ko da hakan, kusan rabi da rabi ne a ce wanda ake tallatawa ne ya fito, don haka kana iya kaiwa juyi 180. Wannan ya fi rashin tabbaci, amma ka ɗauke shi a matsayin farashi: kuɗin juyi ɗaya sau 180.

Saboda haka kafin ka sake tura kuɗi, buɗe shafin da ke nuna damar, duba ko akwai tabbaci da inda yake, sannan ka mayar da jimillar zuwa naira ko sefa. Idan babu tabbaci, yi lissafin ninkawar nan, ba zai ɗauke ka minti ɗaya ba. In adadin da ya fito ya fi kuɗin datarka ta wata, kuma ba za ka biya shi kai tsaye don wannan rigar ba, to bar akwatin a rufe.