Ba komawa tsohon tsarin fansho ne mafita ba

Hoton da yawancinmu muka sani na ɗan fansho shi ne dattijo a layin tantancewa, tsohon fayil a hammata, hoton fasfo ya koɗe, yana jiran a tabbatar cewa yana raye. Wannan layin ne ya sa gwamnatin Obasanjo ta sauya doka a 2004. Kafin nan daga kasafin kuɗi ake biyan fansho, in an samu a biya, in ba a samu ba a ce a yi haƙuri, har bashin ya yi wa gwamnati katutu. Sabuwar dokar ta buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa, ana cire kashi 7.5 daga albashinsa, wanda yake yi wa aiki ya ɗora wani 7.5. Dokar 2014 ta ɗaga shi zuwa kashi 8 da kashi 10. Hukumar PenCom ke sa ido, kamfani mai lasisi ke juya kuɗin, ajiyarsu kuma tana hannun wani daban.

Wannan ya toshe babbar kafa. Abdulrasheed Maina, wanda kotu ta ɗaure shekara takwas a 2021, da John Yusuf, wanda aka fara ba shi zaɓin tarar naira 750,000 a 2013 kan kuɗin fanshon 'yan sanda, duk a tsohon tsarin suka yi ɓarnarsu, inda kuɗi ke tukunya ɗaya kuma sunayen bogi ke cin rabon masu rai. Shi ya sa nake ganin tsofaffin 'yan sandan da suka yi zanga-zanga a 2025 suna neman a fitar da su daga sabon tsarin, kamar yadda aka fitar da sojoji, suna da gaskiya a kukansu, amma maganin da suke nema zai mayar da su hannun wanda ya saba riƙe musu haƙƙi.

Abin da ke cinye fansho yau tsadar rayuwa ce. Kuɗin asusun sun haura naira tiriliyan 20 a 2024, kuma fiye da rabinsu gwamnatin tarayya aka ranta wa ta takardun lamuni. A ƙarshen shekarar hauhawar farashi ta kusa kashi 35, alhali ribar asusun ba ta kai haka ba. Lambar da ke shigowa wayar ma'aikaci tana ƙaruwa, mudun shinkafar da za ta saya yana raguwa. Ga kuma haƙƙin shekarun aikin da aka yi kafin 2004, wanda gwamnati ta riƙa jinkirta zubawa, har wasu suka shafe fiye da shekara da ritaya ba su ga ko sisi ba.

Za a ce ai gwamnati ba ta da kuɗin cike wannan giɓi. To, a 2025 ta amince da lamunin naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho, ashe in ta so hanya na samuwa. Kuma ba alfarma ake roƙo ba. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka sake duba albashi, sashe na 210 ya ɗora wa jihohi irin wannan. Dokar 2014 ta yi tanadin mafi ƙarancin fanshon da ba za a biya kowa ƙasa da shi ba, shekaru suka shuɗe ba a fara ba. A nan ya kamata ƙungiyar ƙwadago da majalisa su matsa, tare da sa kuɗin haƙƙin 'yan fansho cikin abin da ake cirewa tun kafin a raba wa ma'aikatu kasonsu.