Mai Zanen Agbarha-Otor da Sakacinmu

Duk wanda ya bibiyi tarihin Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932 a Agbarha-Otor ta ƙasar Urhobo, can inda Kwara ke rarrabuwa kafin ta faɗa teku, zai tarar cewa ko da yake a Zariya ya yi ilmin zane, kuma a Legas ya daɗe yana koyarwa, zuciyarsa ba ta taɓa yin hijira daga ƙauyensu ba. A 1958 shi da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiya a Zariya bisa ra'ayin cewa a karɓi dabarar Bature amma a ɗebo ma'ana daga gida. Shi kuwa sai ya ɗebo tatsuniyoyin Urhobo da kurmin kakanninsa ya zuba a takarda da ƙarfe, kuma da ɗaukaka ta zo masa, can mahaifarsa ya koma a 1998 ya buɗe taron horon masu zane na lokacin hunturu.

Mu a Kado ta Abuja kullum kifin teku na iso mana kasuwa a daskare, muna ci ba tare da sanin hikimar ma'abota gaɓar ba, wannan kuwa uzuri ne mai karɓuwa. Abin da ba shi da uzuri shi ne jahiltar tamu hikimar, domin yaron da ke zane a bakin titi, waya a hagu fensir a dama, yana kwaikwayon fuskar wani mai mulki don ya sami na abinci, galibi bai taɓa tsayawa ya dubi dagi a bangon Zazzau ba, balle zayyanar allon sauka, ko aska takwas a ƙirjin riga. Na san malamai sun yi maganganu game da surar mai rai, ban kuwa isa in tsoma baki ba. Amma wane malami ne ya hana zayyana, alhali Babban Gwani Muhammadu Durugu da laka ya ƙawata masallacin Juma'ar Zariya?

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, 'yar yankin Abuja ce, kuma kifi da kunamar da ta zana a tukwane daga karkarar Gwari ta ɗauko su. Kamata ya yi makarantun Abuja su riƙa kai ɗalibai Kwali da Ushafa tun masu sana'ar na da rai.