Antwerp ba ta haƙo lu'u-lu'u, Kura kuma ta manta da bugu

Kwanan nan na ga matasa suna ta yaɗa bidiyon shagunan lu'u-lu'u na Antwerp a TikTok, kowa na cewa "Allah Ka kai mu". Amin. Amma kafin a kai mu, mu tsaya mu yi tambaya ɗaya: ina ramin da ake haƙo duwatsun nan a Beljiyam? Babu shi. Ko ɗaya.

Fiye da shekara 500 ke nan birnin yana wannan sana'a, a 'yan layuka kaɗan kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. Akwai lokacin da kusan kashi 80 cikin 100 na ɗanyen lu'u-lu'un duniya sai ya ratsa ta can. Abin da suka riƙe shi ne tantancewa, yanka, gogewa, da amanar da ke sa mai saye ya biya ba gardama. Yau ma akasarin yanka da gogewar a Surat ta ƙasar Indiya ake yi, kusan tara cikin kowane goma. To yankin Kono na Saliyo fa, inda aka gano dutsen tun 1930? Su suka shiga rami, su kuma suka sha yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002. Botswana ce ta farga, ta matsa har kamfanin De Beers ya mayar da cinikinsa daga Landan zuwa Gaborone a 2013.

Abin da ya sa na kawo wannan zance a nan, mu 'yan Kura mun taɓa zama Antwerp ɗin tufafi, kuma yawancinmu ba mu sani ba. Ka tambayi kakanka labarin rawani ɗan Kura da turkudi. Ana saƙa sawaye sirara, a kawo marina a tsoma a baba, sannan a kai mabuga a yi ta bugu da shuni har ya riƙa ƙyalli kamar ƙarfe. Buzaye daga Agadas har cikin Sahara sunan garinmu suke kira idan suna son na ƙwarai. Auduga ko'ina ana nomawa. Gamawar ce tamu, kuma a nan kuɗin yake. Da Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta a 1897, yadin waje mai araha ya biyo baya, sannu a hankali karofi suka yi ta mutuwa.

Sai Allah Ya sake ba mu wata dama. Madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako ta kawo ruwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, rani da damina muna noma. Amma wane matsayi muka ɗauka a wannan karon? Na mai shiga rami. Manomi ya ci bashin taki, ya girbe, ya sayar da shanshera a bakin gona saboda mai bashi na jira a ƙofar gida. Na tumatir ya fi ban tausayi: je ka Kwanar Gafan lokacin kakarsa ka ga yadda kwando ke faɗuwa, wani har ya ruɓe a gefen titi, alhali matarka gwangwani take saya ta yi miya.

Na san za a ce ai Kura cike take da injinan casa, mata kuma suna turara shinkafa dare da rana. Gaskiya ne, kuma su suka riƙe garin. Sai dai shinkafar tana fita ba suna. Wani ya saya, ya cire tsakuwa, ya zuba a buhu mai tambarinsa, a Legas ba wanda zai san daga Kura ta fito. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019 kasuwa ta buɗe mana sosai, amma mutum nawa ne cikinmu suka fita da buhu mai sunan da ake nema?

Kuma kada a ɗauka suna ba ya gushewa. Antwerp ɗin ma yanzu tana jin jiki: Dubai ta janye mata 'yan kasuwa, lu'u-lu'un da ake haɗawa a masana'anta ya karya farashi, kamar dai yadda shunin Jamus ya yi wa marinanmu.

Ba cewa nake kowa ya buɗe kamfani ba, jari ba wasa ba ne, wutar lantarki ma kun san halin da ake ciki. Amma matasa biyar za su iya haɗa kuɗi su yi hayar injin cire tsakuwa, su ɗinka ƙananan buhuna masu kilo biyar da goma, su rubuta Kura ɓaro-ɓaro a jiki, su riƙe awo ɗaya ba algus. Mai iya ɗaukar bidiyo a cikinsu ya nuna gonar, da tukunyar turara, da matar da ta yi aikin. Datar da ka ƙona jiya kana kallon shagunan Antwerp ta isa ka ɗora wannan bidiyon sau uku.