SHARHI: Wa Ke Cin Moriyar Rangwamen Taki?

Duk ɗan kasuwar da ke sauke albasa ko wake a Fegge ta Anacha, ko a Gariki ta Inugu, ya san cewa ba a bakin tirela ake yanke farashin kayansa ba. Tun a gonakin Aliero da Kura ake yanke shi, ranar da manomi ya sayi taki. Saboda haka maganar rangwamen da gwamnati ke yi wa manoma ta shafi 'yan kasuwar Kudu kamar yadda ta shafi mai garma.

Abin lura shi ne, wani ɓangare na takin a Kudu ake yinsa. A ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe kamfanin NAFCON a Onne, kusa da Fatakwal, wanda Notore ya saya a 2005. Haka kuma Indorama ya soma sarrafa takin yuriya a Eleme a 2016. Taki ya hau Arewa, abinci ya gangaro Kudu. To, a ina gizo ke saƙa?

Idan ba a manta ba, gwamnatin tarayya ta daɗe tana sayen taki da kanta tana rabawa ta hannun jihohi da ƙananan hukumomi. An janye rangwamen a 1997, aka mayar da shi a 1999 a kan kashi 25 cikin ɗari. Amma kukan bai canja ba: taki ya iso bayan damina ta yi nisa, ko kuwa ya ɓulla a kasuwa a hannun 'yan kwangila. Dokta Akinwumi Adesina, lokacin yana ministan aikin gona, ya ce kashi 11 cikin ɗari ne kawai na manoma ke samun takin gwamnati.

Shirin GES na 2012 ya gwada wata hanya. An yi wa manoma rajista, ana aika musu saƙo ta wayar hannu, su karɓi buhu biyu a rabin farashi wajen dillali. Dabarar ta rage 'yan tsakiya, sai dai bashin da dillalai suka biyo gwamnati ya karya shirin. Daga nan sai shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. An raba rance fiye da naira tiriliyan ɗaya, kuma mai yawa daga ciki bai dawo ba.

Cutar ɗaya ce a duka: jama'a ba su san wanda ya karɓa ba. A Amurka ana iya duba kuɗin tallafin gona gunduma bayan gunduma, kuma ƙasashen Tarayyar Turai suna wallafa masu karɓar nasu kowace shekara. Wasu za su ce fallasa sunaye na iya jefa manomi hannun masu satar mutane. Wannan tsoro yana da tushe, amma ba zai hana a bayyana yawan buhunan kowace mazaɓa, da sunan dillali, da ranar isowar kaya ba. Mai buhu biyu ba shi da abin ɓoyewa. Mai tirela goma shi ke jin tsoro.

Ya kamata gwamnatoci su liƙa wannan lissafi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, su biya dillalai a kan lokaci, su kuma tabbatar taki ya isa ƙauye kafin ruwan shuka. Ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan hatsi na Anacha, Inugu da Fatakwal su ma su sa baki wajen neman haka. Duk buhun da ya ɓace a hanya, su ne za su biya kuɗinsa a kakar bana, sannan su sha zargin tsawwala farashi daga masu saye.