Kafin ka sayi shanun madara, tanadi inda kashinsu zai zauna

Duk wanda ya taɓa shiga rumfar shanun madara da rana tsaka ya san warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye. Sunansa amoniya, kuma a ƙasar Holan sai da ya tsayar da gine-gine, ya fito da manoma kan titi.

Holan ba ta kai jihar Kaduna faɗi ba, amma tana riƙe da shanun madara wajen miliyan 1.5. A watan Mayun 2019 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta soke tsarin ba da izinin ayyukan da ke fitar da sinadarin naitirojin, saboda amoniyar gonaki na sauka a dazuzzukan da doka ta kare tana lalata tsirrai. Dubban ayyuka suka tsaya cak. A watan Oktoba manoma suka nufi birnin Hague da taraktoci. A 2023 kuwa jam'iyyar manoma ta BBB ce ta zo ta ɗaya a zaɓen larduna. Tushen rigimar dai fitsari da kashin saniya ne.

To yaya abin yake faruwa? Fitsarin saniya yana ɗauke da yuriya, irin wadda muke saye a buhu da tsada lokacin damina. Kashinta kuma yana da wani sinadari da ke narkar da yuriyar. Da zarar sun haɗu a daɓen siminti, cikin 'yan awoyi amoniya ta fara tashi, zafi kuma yana ƙara mata gudu. Ke nan warin da kake ji takinka ne yake bin iska. Ramin da ake tara kashi da ruwa shi ma yana haifar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda kan kashe mutum da dabba idan aka motsa ramin a rufaffen wuri.

Me ya shafe mu? Tun da aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, ake ta zuga matasa su koma kiwon zamani, a killace shanu wuri guda. Shawara ce mai kyau, amma fa saniyar makiyayi tana yawo ne tana watsa takinta a daji. Wadda aka ɗaure kuwa a gabanka za ta zuba shi kullum, ga zafin Afrilu, ga maƙwabta.

Maganin bai fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba. A yi daɓe mai gangare da kwata, fitsari ya bi hanyarsa daban. A riƙa kwashe kashi safe da yamma. A rufe ramin taki, a nisanta shi da rijiya da gidajen mutane. Kada a cika wa shanu abinci mai furotin fiye da buƙata, rarar a fitsari take fita. In an kai taki gona, a binne shi nan take. Mai hali ya haɗa tukunyar gas, ya samu wutar girki.

Don haka ɗan'uwa, in kana rubuta lissafin jarinka, ka sa kuɗin kwata da murfin rami a layi ɗaya da kuɗin saniya. Masu ba da rancen kiwo su ma ya kamata su tambayi wannan kafin su saki ko sisi. Gyara tun ran gini ya fi arha a kan ranar da maƙwabta suka kai ka gaban mai unguwa.