Wai Sanyi Ne Ya Hana Mu Zuwa Damagaram?

Na san ba a saba ganin ɗan ƙungiya ya ɗauki alƙalami yana sukar shawarar ƙungiyarsa a cikin mujallarta ba, amma tun da yake mujallar ta kowa ce, ni ma zan tofa albarkacin bakina. A taronmu na ƙarshe an kawo shawarar mu kai ziyarar kwana uku birnin Damagaram, watau Zindar ta Jamhuriyar Nijar, a cikin hutun Disamba. Tun ba a gama karanta takardar ba sai wasu suka miƙe suka ce atabau, wai sanyi ya yi yawa, a bari sai watan Afrilu. Aka ɗaga hannu, suka yi rinjaye. To, ni dai ban gamsu ba, kuma ina ganin ba sanyi ne ya kashe tafiyar nan ba.

Bari mu fara da sanyin kansa. Ni mutumin Daura ne, a unguwar Kusugu aka yanke mini cibiya. Daga ƙofar gidanmu zuwa Kongolam, inda shingen iyaka yake, tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan a mota, daga Daura zuwa Zindar ɗungurungum kuwa ba ta kai kilomita 200 ba. Iskar hunturun da take kaɗawa a Damagaram da daddare ita ce take wayar gari a tsakar gidanmu, ba ta tsayawa a buga mata hatimi a Kongolam. Wanda ya kwana a Daura ko Katsina ko Kano cikin Disamba da bargo ɗaya da rigar sanyi, ya tashi ya yi alwala da asuba bai mutu ba, me zai same shi a Zindar? Man kaɗanya saboda kaushi, rawani ko mayafi saboda ƙura, shi ke nan guzurin.

Sa'an nan a dubi watan da suka zaɓa mana. Afrilu! Kowa ya san abin da Afrilu yake a wannan yanki namu: zafin rana yakan haura digiri 40, ruwa ya yi wuya, kuma lokacin ne cutar sanƙarau ta fi yin ɓarna. Ɗalibai talatin a cikin mota ɗaya da tsakar rana, sa'an nan a ce su zagaya unguwannin Birni da Zango da ƙafa. Wanda ya ce wannan ya fi hunturu sauƙi, ko dai bai taɓa fita cikin bazara ba, ko kuwa ya san sarai cewa in Afrilun ya zo za a sake ɗagawa saboda zafi, daga nan damina ta sauka a ce hanya ta ɓaci, shekara ta ƙare.

Mu da muke nazarin al'adun Hausawa bai kamata a tuna mana cewa hunturu shi ne lokacin tafiya ba. Da an gama girbi an sa amfanin gona a rumbu, sai 'yan cin rani su ɗaure kaya, almajirai su bi malamansu gabas, fatake su kora jakuna. Ayarin Buzaye masu ɗauko gishiri daga Bilma yakan tashi wajen Oktoba, ya gangaro ƙasar Hausa a cikin wannan sanyi da muke gudu. Har baƙi ma sun gane haka. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Zindar ran 25 ga Disamba 1852 a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu, ya yi fiye da wata guda a garin. Shi a kan doki ya je, mu kuwa mota ce mai gilashi aka ce mu shiga.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, waɗanda suka fi ɗaga murya a kan sanyi su ne waɗanda in an zauna hira a ɗakin kwana ba su da zance sai na Landan da Istambul. Wannan ya ce yayansa ya je hutun Disamba Ingila ya aiko da hoto cikin dusar ƙanƙara, wancan ya ce shi ma in ya samu hali can zai yi sabuwar shekara. Landan fa, inda a cikin Disamba rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ka yi la'asar ka juya ka ji magariba ta yi! Da a ce tikitin jirgi aka ajiye a kan tebur a taron nan, na rantse ba wanda zai tuna da mura. Ashe ke nan sanyin Turai ado ne, na Damagaram kuwa cuta. Abin da yake ƙasan maganar raini ne: a ganinsu Nijar ba ƙasar waje ba ce, ƙauye ne a bayan Mai'aduwa, ba a ɗaukar hoto a can a burge kowa.

To, ga wani abu da ya kamata masu wannan raini su auna. Ɗaya daga cikin dogayen labaran zube na farko da aka rubuta da Hausar boko daga bakin yaron ƙasar Damagaram ya fito. Dorugu, wanda aka kama yana ƙarami aka sayar da shi bawa, shi ne ya bi Barth har Ingila a 1855, inda J. F. Schön ya zauna da shi ya rubuta labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da yawa, waɗanda daga baya suka fito a cikin Magana Hausa a 1885. Muna haddace sunansa saboda jarrabawa. Ƙasar Kance inda aka haife shi kuwa tana nan a kan hanyarmu, da ka wuce iyaka ka shiga Matamaye kana cikinta. Yaro ɗan shekara goma sha ya sha sanyin Ingila ya bar mana abin karatu, mu ƙarti mun kasa zuwa mu ga garinsu.

Mu mutanen Daura kuwa abin ya fi shafarmu. Kowane baƙo ya zo Kusugu mukan ba shi labarin Bayajidda, yadda ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Barno da Gaya, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijiyar da take hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Muna alfahari da matafiyi, amma tarihinmu na kusa, wanda ba a gardama a kansa, rabinsa yana ƙetaren iyaka. Bayan jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19, gidan Sarki Gwari Abdu ya fita daga birni, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure, suka zauna shekaru da dama a ƙarƙashin inuwar Damagaram, har Turawan Ingila suka zo suka mai da sarautar Daura ga wannan gida. Wanda ya karanta littafin M. G. Smith a kan Daura na 1978 ya san sau nawa sunan Damagaram ya fito a ciki. Fadar Sarkin Damagaram tana nan a Birni ana zaman fada. Akwai ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, sarkin da ya sa maƙeransa suka ƙera igwa. A garin ne aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, Faransawa suka dawo suka ci garin a 1899, daga baya suka mai da shi babban birnin mulkinsu na Nijar har 1926 da suka koma Yamai.

Ga ɗalibin harshe kuwa kasuwar Zindar kaɗai aji ce. Can za ka ji makaranta ta zama lakwal, malaminta mushe, likita ya zama lokotoro, kalmar likita kuma ta koma sunan asibitin kansa. Za a ce maka dala, ana nufin sefa 5, a ce jika ana nufin 1,000. Mun sha rubuta wa malamanmu cewa mu mun ari kalmomi daga Ingilishi su kuma daga Faransanci, amma mu nawa ne muka ji da kunnenmu? Ko a rubutu akwai bambanci: inda muke sa ɗigon waƙafi a gaban y mu rubuta 'ya'ya, su y mai ƙugiya suke yi. Bugu da ƙari, a watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ko mutum yana son gwamnatin sojan da ta yi haka ko ba ya so, wannan babban al'amari ne ga harshen da muke neman digiri a kansa. Akwai jami'a a Zindar mai sunan André Salifou, masanin da ya rubuta tarihin Damagaram. Ashe bai dace mu je mu zauna da ɗalibanta mu ji daga bakinsu yadda abin yake a cikin aji da ofis ba?

Da a ce masu adawa maganar takardu ko tsaro suka kawo, da na saurare su da kunnen basira, domin waɗannan dalilai ne na gaskiya. An rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ba a tashi da ka a ce katin makaranta ya isa. Sai kowa ya tanadi fasfo da katin rigakafi, a tura mutum biyu Kongolam tun da wuri su tambayi jami'an shige da fice abin da ake bukata, a karɓi takardar izini daga jami'a, a rubuta wa jami'ar Zindar da fadar Sarki a sanar da zuwanmu, a yi tafiyar da rana, a canza kuɗi tun daga gida. Wannan duk aiki ne, kuma ina zargin gudun aikin nan ya taimaka wajen ɗora wa hunturu laifi. Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: iyakar da aka rufe daga 2019 zuwa 2020, aka sake rufewa a 2023, wa ya ba mu tabbacin za ta jira mu har Afrilu? Mu 'yan aji huɗu ma ba mu da wani Disamba a makarantar nan bayan wannan.

Don haka ina roƙon shugaban ƙungiya da sakatare su sake kiran taro kafin a fara jarrabawa, a mai da shawarar kan tebur, wanda yake da dalili ban da sanyi ya tashi ya faɗe shi a gaban malamai. In kuɗin motar ne bai isa ba, a rage kwana uku zuwa biyu. Masaukin daren farko kuwa a bar mini shi: zauren gidanmu a Kusugu zai ɗauki maza goma sha biyar, mata kuma na riga na yi wa gwaggona magana, ta ce a gaya mata rana kawai don ta jiƙa geron kunu.